Yadda na magance tabon da ke dawowa a kafet ɗin mashaya

Sau biyu ina wanke kafet ɗin wata mashaya, sau biyu ana kirana bayan kwana uku. Gaban kantar sayar da giya ya koma baƙi, yana ɗanko har takalmi na yin ƙara in an ɗaga ƙafa, ga warin tsami.

Da na durƙusa na buɗa gashin kafet ɗin da yatsa, sai na ga laifina ne. Giya da lemon kwalba da suka zube sun ratsa har gindi, sukarinsu ya daskare a can. Ni kuwa na labta ruwa da sabulu, ban zuƙe su da inji sosai ba. Yayin bushewa danshin ya riƙa hawowa sama, yana janyo dattin ƙasa. Sauran sabulun kuma ya zama tarkon ƙura.

A karo na uku na fara da zuƙe busasshiyar ƙura. Na fesa sinadarin enzayim mai narkar da dattin abinci da abin sha, na goga da burushi, na bar shi minti 15. Kafet ɗin ulu ne, shi ya sa na guji sabulu mai ƙarfin alkali (sinadari irin na kanwa, kishiyar asid), don yana lalata ulu, yana sa launi ya zuba. Na ɗauraye da ruwan ɗumi mai ɗan asid. Inda aikin yake: duk bi ɗaya da ruwa, sai na bi sau uku ina zuƙa kawai. Da gajiya, amma dole.

Cingam kam ƙanƙara na ɗora masa, na kankare.

Na kunna fanka biyu har safe. Sati uku ke nan, waya shiru.