Darasi na Bakwai: Idan Katin Sadarwa Ya Yi Karo da Wata Na'ura

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta bin na'urori ɗaya-ɗaya tana tambayar mai buƙata. Na'urar ce ke kiranta ta wani layi mai lamba, ta katse mata abin da take yi. Sunan layin IRQ. A kwamfutar IBM ta 1984 da tsofaffin kwamfutocin da suka bi tsarinta layukan 16 ne, daga 0 zuwa 15, kuma yawancinsu da masu su: 1 na allon madannai, 12 na linzami, 14 na faifan ajiya.

Matsala na tasowa ne idan katin sadarwa, wato katin da ke haɗa kwamfuta da wasu kwamfutoci, ya hau layin da wata na'ura ke kai. Kamar mutum biyu ne ke jan ƙararrawa ɗaya, mai gida bai san wa zai amsa wa ba. Sai ka ga fitilar katin tana ci amma saƙo ba ya wucewa, ko kwamfuta ta daskare da zarar an fara tura fayil. Tsofaffin katuna irin NE2000 kan zo a kan layi na 3, wanda kuma shi ne na COM2, wata ƙofa da ake jona na'urorin waje. Da yawa an jefar da kati mai lafiya saboda wannan kawai, abin takaici.

Kafin ka taɓa sukudireba, duba. A Windows buɗe Device Manager, wato shafin da ke jera na'urorin kwamfuta, ka nemi alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa kusa da sunan katin. Idan ka ga Code 12, to katin bai samu gurbi ba. A Linux, fayil ɗin /proc/interrupts zai nuna maka wa ke kan kowane layi. Rubuta lambobin a takarda.

Nan sai a kula: ganin na'ura biyu a layi ɗaya ba kullum ne laifi ba. PCI da ISA nau'o'in ramin da ake soka kati ne a cikin kwamfuta. Katunan PCI an ƙera su don su yi tarayya. Na ISA ne ba sa yarda.

Idan katin ISA ne, kashe kwamfuta, zare wayar wuta, ka taɓa ƙarfen akwatin don sauke lantarkin jikinka. Matsar da 'yar jamfar da ke jikin katin, wato ɗan marfin da ke haɗa fil biyu, zuwa 10 ko 11, domin galibi babu kowa a can, sannan ka saita direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da katin, a kan lambar da ka zaɓa. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi mantawa. Idan PCI ne, mai da shi wani ramin, ko ka shiga BIOS, wato shafin saiti da ake shiga yayin kunna kwamfuta, ka kashe ƙofar da ba ka amfani da ita.

Abu ɗaya za ka canza, ka kunna, ka gwada. Wanda ya canza uku a tare, ko ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba.

Sababbin kwamfutoci masu PCI Express da wuya su yi wannan karo. A can fara zargin direba ko wayar da aka jona wa katin.

Aikin gwaji: buɗe kwamfutar aji, ka rubuta lambar layin katin sadarwarta da sunan duk na'urar da ke tarayya da shi.