Matakan gyara zanen wasan bidiyo ba tare da keta lasisi ba

Kafin ka taɓa hoton da ka sauke daga OpenGameArt, shafin intanet da masu zane ke raba hotunan wasa kyauta, rubuta sunan mai zanen, adireshin shafin da lambar lasisin a fayil ɗin CREDITS.txt. Shafi kan ɓace, wannan fayil shi ne shaidarka.

Sai ka duba abin da lasisin ya ɗora maka. CC na nufin lasisin Creative Commons, kuma iri-iri ne: CC0, irin na kayan Kenney (mai raba zanen wasa kyauta), ba shi da sharaɗi. CC BY yana so ka ambaci mai zanen, ka kuma faɗi cewa ka yi gyara, misali "an sauya launin riga". CC BY-SA ne inda aka fi tuntuɓe. In ka ƙara wa jarumi takobi a hoton BY-SA, sabon hoton dole ya fita da BY-SA ko lasisin da ya jitu da shi, kowa na da damar ɗauka ya sake gyarawa. Mai alamar ND kada ka rarraba gyararrensa, mai NC kuma kada ya shiga wasan sayarwa.

In za ka haɗa zane biyu a hoto ɗaya, tabbatar lasisinsu sun jitu. Tun 2015 an yarda a mayar da gyararren BY-SA 4.0 zuwa GPLv3 (sigar uku ta GPL, lasisin manhajoji na buɗe), amma hanyar ba ta komawa baya. In ka zaɓi GPL, ka fitar da fayil ɗin aikin, kamar XCF na manhajar gyaran hoto GIMP, ba PNG kaɗai ba.

Daga ƙarshe, kada ka kulle hoton CC BY ko BY-SA da DRM (kullin da ke hana kwafa), lasisin ya hana. In kasuwar da za ka saka wasan tana tilasta kulli, nemi zane mai OGA-BY (lasisin OpenGameArt mai kama da CC BY da bai hana kulli ba) ko CC0.