Darasi na 7: Yadda Ake Mayar da Takardun Kasuwanci Cikin Waya Don Sauƙin Nema

Kowane ɗan kasuwa, komai ƙanƙantar jarinsa, yana tara takardu: rasit na kayan da ya saro, littafin bashi, takardar hayar shago, shaidar biyan haraji, da 'yan takardun da na'urar POS take fitarwa. Yawancinmu cikin leda ko akwatin ƙarfe muke zuba su, inda gara da ɗanshin damina suke cim musu. Gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a shekarar 2016 ta cinye shaguna masu yawa, kuma duk wanda littafin bashinsa ya ƙone tare da kayansa ba shi da hujjar da zai nuna wa waɗanda yake bi. Takardar POS kuwa ko babu gobara rubutunta yakan dushe, domin da zafi ake buga shi a kan takardar, shi ya sa wadda aka bari a rana take komawa fara fat.

Kayan aikin da ake buƙata su ne waya mai kyamara, da adireshin imel, da 'yar data. Wanda yake da asusun Google yana da wurin ajiya kyauta na gigabait 15 a manhajar Google Drive, wanda zai ɗauki dubban takardu. A shimfiɗa takardar a kan tebur a wuri mai haske, a miƙe lanƙwasarta, a riƙe wayar daidai samanta yadda inuwar hannu ba za ta faɗa kan rubutun ba, sannan a ɗauka ta alamar kyamarar da ke cikin manhajar, wadda za ta ajiye ta a matsayin PDF, wato nau'in takardar da ake buɗewa a waya ko kwamfuta. Kafin a ɗauko ta gaba, a buɗe wadda aka ɗauka a tabbatar ana iya karanta adadin kuɗi da kwanan wata.

Babban aikin yana wajen sanya suna, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin sakaci. Waya takan ba kowane hoto suna na lambobi barkatai, saboda haka mai hotuna dubu marasa suna sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya ga wanda yake so. A fara sunan da shekara, sai wata, sai rana, sannan irin takardar, da kayan, da wurin da aka saye su ko sunan dila. Misali, rasit na masarar da aka saro a kasuwar Dawanau ranar 15 ga Maris, 2024 za a rubuta masa suna kamar haka: 2024-03-15 rasit masara Dawanau. Dalilin fara wa da shekara shi ne wayar za ta jera takardun da kanta daga tsohuwa zuwa sabuwa. Wajibi ne kuma a tsaya a kan kalma ɗaya. Wanda ya rubuta "rasit" yau, gobe ya rubuta "rasidi", idan ya zo nema rabin takardunsa kaɗai zai gani. Folda huɗu, wato jakunkunan rarraba takardu a cikin manhajar, sun ishi ƙaramin shago: Saye, Sayarwa, Bashi, da Hukuma.

Idan ana neman takarda, sai a rubuta kalma ɗaya, kamar "masara", a gurbin bincike. Manhajar tana iya gane rubutun da inji ya buga a cikin takardar kanta, amma rubutun hannu, musamman na gaggawa ko na ajami, bai kamata a dogara da ita a kansa ba. Saboda haka shafukan littafin bashi su ne suka fi buƙatar suna mai kyau, kuma ya kamata a riƙa ɗaukar su kowane mako.

Kada a fara da tsofaffin takardu, domin yawansu yana karya gwiwa. A fara da na yau, a riƙa ɗauka kowace yamma kafin rufe shago, sannan a koma baya kaɗan-kaɗan. A sanya wa wayar lambar sirri, a rubuta kalmar sirrin imel a ɓoye ta a gida, domin da ita za a dawo da komai a sabuwar waya idan tsohuwar ta ɓace ko ta lalace. Takardun asali masu sa hannu ko hatimi, kamar yarjejeniyar haya da takardar fili, ba a zubar da su ko an ɗauki hotonsu. A Najeriya kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ya ajiye bayanan kuɗinsa na tsawon shekara shida.

Aikin gida: Ku zaɓi rasit uku daga shagonku, ku ɗauki hotonsu, ku sanya wa kowane suna bisa tsarin da muka koya. A darasi na gaba kowa zai miƙa wa na kusa da shi wayarsa, ya faɗa masa kalma ɗaya, mu ga ko zai iya gano takardar.