Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen gano domen

Domen shi ne dukkan lambobin da x zai iya ɗauka ba tare da lissafin ya lalace ba, kuma a tambayoyin rabawa da na rut dokoki biyu ne ke tsare shi: ba a rabawa da sifili, ba a kuma fitar da sikwaya rut na lambar da ta gaza sifili. Ɗalibanmu na Jos masu shirin WAEC da JAMB sun haddace dokokin nan, amma wajen aiki da su ne maki yake zubewa.

Gaggawar sauƙaƙawa tana cin mutane da yawa. Idan aka ba da (x² − 9)/(x − 3), sai ɗalibi ya soke x − 3 sama da ƙasa, ya samu x + 3, ya rubuta cewa kowace lamba ta halatta. Sai dai a tambayar ta asali 3 tana mayar da lambar ƙasa sifili, don haka dole a rubuta x ≠ 3 tun kafin a soke komai.

A √(6 − 2x) kuwa, inda dole 6 − 2x ≥ 0, wato −2x ≥ −6, ana manta juya alamar ≥ zuwa ≤ idan an raba da −2. Amsar ita ce x ≤ 3.

Wanda ya fi damuna shi ne √(x² − 4), domin har ɗalibai masu ƙoƙari suna rubuta x ≥ ±2, maganar da ba ta da ma'ana. Gyaran shi ne a ja layin lambobi a gefen takarda, a sa alama a −2 da 2, sannan a gwada lamba ɗaya daga kowane yanki. Sifili yana ba da −4 a cikin rut ɗin, saboda haka yankin tsakiya ya fita. 3 da −3 kuma kowannensu yana ba da 5, sun shiga ke nan. Amsar ita ce x ≤ −2 ko x ≥ 2, kuma kalmar "ko" ɗin nan wajibi ce, tunda babu lambar da za ta cika sharuɗɗan biyu a lokaci guda.

Idan rut ɗin ya koma ƙasa, kamar a 1/√(x − 2), ita kanta 2 ta haramta, sai a rubuta x > 2. A √(x − 2)/(x − 5) kuma 2 ta halatta domin rut ɗin yana sama, amma sai an cire 5, wato x ≥ 2 tare da x ≠ 5.