Kafin ka kira greda: yadda ake fitar da titin ƙaramin jirgi a gona

Aikina gyaran hanyoyin karkara ne, kuma sau ɗaya tak aka taɓa ba ni titin jirgi. Wata babbar gonar shinkafa ce tsuntsun jan-baki ya addaba, mai gonar yana son jirgin feshi ya riƙa sauka kusa. Na ɗauka hanya ce kawai marar kwana. Ashe da sauran aiki.

Fara da takarda. Gona taka ce, amma sama ba taka ba ce. A Najeriya ba a buɗe filin jirgi, komai ƙanƙantarsa, sai da izinin Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama da hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama, kuma jami'an tsaro za su so sanin me zai riƙa sauka. Takardar mallakar filin ta zama a hannu. Ka je ka gaida dagaci tun ba a kafa turke ko ɗaya ba, ka tambaye shi ko burtali ya ratsa wurin. In ya ratsa, nemi wani gefen.

Jirgi yana tashi ne, yana sauka, fuskarsa ga iska. A ƙasar Hausa iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina kuma daga kudu maso yamma, saboda haka layi ɗaya ya wadatar da su biyun. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ma haka ya kwanta, lambarsa 06/24, wadda ke nuna ɓangarorin da ya fuskanta.

Tsawo kuwa, kada ka yanke da ka. Cessna 172, wani samfurin ƙaramin jirgi, cike da kaya tana cin kusan mita 500 kafin ta haye abu mai tsayin mita 15, wannan ma a kan kwalta, a bakin teku, cikin sanyi. Zafin Afrilu yana sa iska ta yi sako-sako, tudu irin na Jos ya ƙara, ƙasa kuma tana riƙe taya, duk waɗannan suna ƙara tsawon da jirgi ke buƙata. Zaunar da matuƙin, ya buɗe littafin jirginsa ya lissafa maka, sannan ka ƙara a kai. Faɗi kada ya gaza mita 18. Kuka, giginya, wayar lantarki da turken sadarwa, duk kada su tsaya a bakin titin ta kowane ɓangare.

Ruwa ne ya kunyata ni. Da rani na ja layina, fili shimfiɗe kamar tabarma, ƙasa tauri kamar dutse. Agusta na shigowa tsakiyar titin ta zama tabki, don baƙar laka ce ta fadama, wadda ke tsagewa da rani ta kumbura da damina. Sai da muka kwashe ta muka cike da marmara. Da na tambayi manoman wurin, da sun nuna mini da sanda inda ruwa ke kwana, kyauta. Saboda haka ka bari damina guda ta wuce a idonka. Bayan nan a kankare ƙasar sama da saiwoyi, a zuba marmara kaɗan-kaɗan, tankar ruwa ta jiƙa, rola ta danne, a sake zubawa. Tsakiya ta ɗan fi gefe tudu, kamar santimita 2 a kowace mita, magudanar ruwa kuma a ja ta nesa da bakin titin, kada taya ta faɗa.

In an gama, hau a-kori-kura ka bi titin da gudu. Duk inda ta girgiza ka, can za ta girgiza jirgi.

Sai shinge saboda awaki da yara, fararen alamu a gefe, da jakar nuna iska a kan dogon ƙarfe. Kuma ka sa mutum guda ya taka titin da ƙafa duk ranar da ake jiran jirgi, don gara tana iya ta da suri cikin 'yan kwanaki, gafiya kuma ba ta neman izini kafin ta haƙa rami.