Darasi na 9: Sandar makaho, keken gurgu da bin layi

Jama'a, yau darasinmu a kan 'yan uwanmu ne masu buƙata ta musamman, wato makafi, guragu, kurame da sauransu. A karanta a hankali, wanda ya iya ya taimaki na kusa da shi.

Mu fara da titi. Duk wanda ya bi ta Ƙofar Wambai ko Kantin Kwari da rana ya san yadda 'yan adaidaita sahu ke cusa kai, ga masu kaya sun baje a gefen hanya, ga kwata a buɗe ba murfi, mai ido ma da ƙyar yake sha balle makaho. In ka ga makaho a bakin titi kar ka kama sandarsa ka ja, sandar nan ita ce idonsa. Yi sallama ka ce "Baba, tsallakawa za ka yi?" In ya ce eh sai ya dafa kafaɗarka, kana gaba kana faɗa masa: ga kwata, ɗaga ƙafa, ga mashin ta hagu. In kun tsallaka ka gaya masa inda yake, kar ka sulale ka bar shi yana ta magana shi kaɗai. Haka mai keken guragu, a tambaye shi kafin a tura, wani ya fi ka sanin hanyarsa. Kurma kuwa ba ya jin hon, direba ya rage gudu kawai. In ba ka iya maganar hannu ba ka fuskance shi, ko ka rubuta masa a takarda, kun ga amfanin karatun nan da kuke yi.

Sai haƙƙi. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ce a layin asibiti ko banki su za a fara sallama. Wanda ya nuna musu wariya tarar naira dubu 100 ce ko wata 6 a gidan yari ko duka biyun, kamfani kuma naira miliyan 1. An ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi gangaren da keke zai hau, wa'adin ya cika tun Janairun 2024, amma ni da idona na ga wata baiwar Allah a ƙofar wani banki, samari biyu sun cicciɓe ta da kekenta saboda matakala, tana ta jan mayafi tana rufe fuska don kunya. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Dokar ta kuma ba su ilimi kyauta har sakandare. Don Allah iyaye a daina ɓoye yaro a ɗaki ko a tura shi bara, ga makarantar Tudun Maliki nan cikin gari ana koyar da makafi da kurame.

Aikin gida: ka ƙirga matakalar masallacinku ko Islamiyyar unguwarku, ka rubuta adadin a littafinka, ka rubuta ko keken gurgu zai iya shiga. A zo da shi ranar Asabar.