Idan wasanninka sun ɓace a Tabletop Simulator: inda ake dubawa kafin a goge komai

Ka buɗe Tabletop Simulator, manhajar kwamfuta ta buga wasannin teburi, ka danna Create, ka shiga sashen Workshop, inda wasannin da sauran ƴan wasa suka ƙirƙira suke, sai ka tarar wayam. Wasannin da ka ɗauki watanni kana tarawa babu ko ɗaya. Ko kuma sunayen suna nan, amma da ka buɗe wasa sai teburi ya fito da allo fari fat, katunan babu hoto, ga jan rubutu yana ta zubowa a akwatin hira. Abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne su cire manhajar su sake sauke ta. Kada ka yi haka tukuna. Galibi ba ya gyara komai, wani lokacin ma shi ke janyo asarar abin da da an bi a hankali za a samo shi.

Dalili kuwa shi ne wasan Workshop ba dunƙule yake wuri ɗaya ba. Manhajar, wadda kamfanin Berserk Games ya fitar a Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, a 2015, tana harhaɗa kowane wasa ne daga wurare uku. Akwai rajistar da ka yi lokacin da ka danna Subscribe, wadda ke rubuce a asusunka na Steam. Akwai ƙaramin fayil mai ƙarewa da .json a kwamfutarka, wanda ke bayyana abin da ke kan teburin da inda kowane abu yake zaune. Sai hotuna da siffofi da sauti, waɗanda ba sa cikin fayil ɗin kwata-kwata; adireshinsu na intanet kawai aka rubuta a ciki, sai ranar da ka fara buɗe wasan manhajar take zuwa ta ɗebo su. Kowane ɗaya cikin ukun na iya samun matsala shi kaɗai, kuma alamarsu ba ɗaya ba ce.

Fara da ajiye kwafi

Rufe manhajar gaba ɗaya, sannan ka nemo foldar da take ajiye kayanta. A Windows tana cikin Documents\My Games\Tabletop Simulator. A Mac tana ~/Library/Tabletop Simulator, kuma da yake Library a ɓoye take, sai ka danna Shift da Command da G a Finder ka rubuta adireshin da hannu. A Linux tana ~/.local/share/Tabletop Simulator.

A ciki za ka ga Mods da Saves. Kwafe su duka zuwa filasha ko wani faifan daban. Saves ba ta cika nauyi ba, amma Mods tana iya kaiwa gigabait da dama, don haka duba girmanta kafin ka fara. Idan wuri ya yi maka kaɗan, ɗauki Saves da Mods\Workshop tukuna.

Yanzu leƙa cikin Mods\Workshop. Kowane wasa yana da fayil biyu masu lamba iri ɗaya, ɗaya .json ɗaya .png, kuma lambar ita ce ta ƙarshen adireshin shafin wasan a Steam. Idan suna nan, wasanninka ba su je ko'ina ba, manhajar ce ba ta ganinsu. Idan foldar babu kowa, akwai yiwuwar suna wani wurin daban.

Manhajar tana duba inda ba nan ba

Wannan yana yawan faruwa, kuma yana zuwa ta hanyoyi uku.

Ta farko tana cikin manhajar kanta. A Configuration, ƙarƙashin Game, akwai zaɓi mai suna Mod Save Location, mai gida biyu: Documents da Game Data. Idan yana kan Game Data, wasannin Workshop suna sauka ne cikin foldar manhajar, wato steamapps\common\Tabletop Simulator\Tabletop Simulator_Data\Mods. Mutane kan koma can idan faifan C ya cika. Abin da ke ruɗa su shi ne, sauya zaɓin yana sauya inda manhajar ke dubawa ne, don haka kayan da ke tsohon wurin sai su daina bayyana. Buɗe wuraren biyu ka gwada nauyinsu. Wadda ta fi nauyi ita ce ta gaske. Ko dai ka mayar da zaɓin kanta, ko ka kwashe abin da ke cikinta zuwa ɗayar, sannan ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Wanda ya zaɓi Game Data ya sani cewa kayansa suna zaune ne cikin foldar da Steam ke taɓawa idan aka cire manhajar, shi ya sa tun farko aka ce kada a yi gaggawar cirewa.

Ta biyu OneDrive ce, wato ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, kuma tana wahalar da mutane, don tana aikinta ba tare da mai kwamfutar ya lura ba. Idan aka kunna ajiyar foldoji a OneDrive, sau da yawa lokacin saita sabuwar Windows, Documents tana tashi daga C:\Users\sunanka\Documents ta koma C:\Users\sunanka\OneDrive\Documents. Idan aka kashe ajiyar daga baya, Windows tana mayar da Documents tsohon wurinta, fayilolin kuwa suna iya zama can cikin OneDrive. Manhajar ta zo ta tarar babu komai, sai ta buɗe sabuwar folda, kai kuma ka ga kamar an share maka komai. Don ka san wace Documents ce Windows ke amfani da ita yanzu, danna mata dama, wato da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ka shiga Properties, ka duba Location. Sannan ka buɗe wuraren biyu da hannu ka nemi My Games a kowanne.

Idan ka same su a OneDrive, kula da ƴar alamar da ke gefen kowane fayil. Hoton gajimare yana nufin sunan fayil ɗin kawai ke kwamfutarka, ainihinsa yana intanet. Danna wa foldar dama ka zaɓi Always keep on this device, ka jira sai alamar ta koma kore. Asusun OneDrive na kyauta gigabait 5 ne kacal, Mods ita kaɗai tana iya cika shi, kuma da ya cika aikin daidaitawa yake tsayawa. Idan ba ka ga foldar a ko'ina ba, shiga OneDrive ta burauza ka duba kwandon shara. A asusun mutum ɗaya abin da aka goge yana kwana 30 a can kafin ya tafi. Ga mai wasanni da yawa, gara ya raba Mods da OneDrive gaba ɗaya.

Ta uku ta masu Linux ce da Steam Deck, na'urar wasa ta hannu. Idan aka tilasta wa manhajar aiki ta Proton, wato tsarin da ke sa wasannin Windows su yi aiki a Linux, tana ɗaukar kanta a Windows take, sai ta ajiye kaya a steamapps/compatdata/286160/pfx/drive_c/users/steamuser/Documents/My Games. Lambar 286160 ita ce lambar manhajar a Steam. Duk wanda ya kunna Proton ko ya kashe shi ya sauya gida ke nan, sai ya kwaso kayansa daga tsohon.

Kafin ka wuce nan, tabbatar da abu biyu masu sauƙi: da asusun Windows ɗinka aka shiga, kuma da asusun Steam ɗinka. A kwamfutar da ƴan gida ke rabawa, kowa da Documents ɗinsa, kowa da rajistarsa.

Fayilolin suna nan, jerin ne ya lalace

Cikin Mods\Workshop akwai wani fayil mai suna WorkshopFileInfos.json. Shi ne kamar littafin rajista: sunan kowane wasa da inda fayil ɗinsa yake. Idan wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta mutu lokacin da ake rubuta shi, yana iya yankewa a tsakiya. Duba girmansa; idan ka ga 0 KB alhali kana da wasanni, ya lalace. Da manhajar a rufe, canza masa suna, misali ka ƙara masa .tsoho a ƙarshe. Idan ka buɗe manhajar za ta rubuta sabo. Canza suna ya fi gogewa, don idan abin bai yi ba kana iya mayar da shi yadda yake. Foldar Saves ma tana da irin nasa, SaveFileInfos.json, kuma maganin ɗaya ne idan wasannin da ka ajiye da kanka ne suka daina fitowa a Save & Load.

Babu fayilolin, kuma sun ƙi sauka

Shiga shafin Workshop na manhajar a Steam ka buɗe Subscribed Items. Idan wasannin suna jere a can, rajistarka lafiya lau take, saukarwa ce ta maƙale. Tabbatar Steam ba ta cikin Offline Mode. Ɗauki wasa ɗaya tak, ka danna Unsubscribe, ka sake Subscribe, ka buɗe manhajar, ka ga ko sabon .json ya bayyana a foldar. Kada ka yi wa dukansu haka lokaci guda, musamman idan akwai wanda aka riga aka cire daga Workshop, don shi ba za ka iya sake yi masa rajista ba.

Idan bai bayyana ba, wani abu ne ke hana manhajar rubutu. Duba ko faifan ya cika. Sannan ka shiga Windows Security, Virus & threat protection, Ransomware protection, ka ga ko Controlled folder access a kunne yake. Wannan kariya tana hana manhajojin da ba ta yarda da su ba rubutu a Documents, kuma sau da yawa ɗan saƙon da take fitarwa a gefe yana wucewa ba a gani ba. Ba sai ka kashe ta ba. Shiga Allow an app through Controlled folder access ka ƙara Tabletop Simulator.exe. Wasu manhajojin kariya daga ƙwayar cuta suna da irin wannan tsarin da wani suna. Idan duk wannan bai yi ba, je Settings na Steam, Downloads, ka danna Clear Download Cache. Zai sa ka sake shiga asusunka, don haka ka tanadi kalmar sirrinka.

Su kuwa wasannin Classic da suka zo tare da manhajar, irin su ces (chess) da domino da karta, cikin foldar manhajar suke. Idan su ne suka ƙi buɗewa, danna wa manhajar dama a Steam, Properties, Installed Files, Verify integrity of game files. Wannan binciken kayan manhajar kawai yake dubawa, ba ya leƙa Documents, saboda haka ba zai dawo da wasan Workshop ba ko sau nawa ka yi shi. Wasan da ka saya a matsayin DLC, wato ƙarin da ake saya daban, kuma, duba Properties, DLC, ka tabbatar akwai alama a akwatinsa. Wanda ya buɗe teburin kaɗai ke bukatar mallakarsa, sauran ƴan wasa suna shiga ne kawai.

Wasan ya buɗe, amma babu hotuna

Nan ne wurin da ba kullum ake samun gyara ba. Tunda adireshi kawai ke cikin .json, ran da wurin da aka ɗora hoton ya goge shi, wasan ya zama fanko ga duk wanda bai taɓa buɗe shi ba. Ya faru da yawa: Dropbox ta rufe foldar Public a 2017, Imgur kuma ta fara goge tsofaffin hotunan da ba a haɗa da wani asusu ba a watan Mayu na 2023. Tsofaffin wasanni da dama sun dogara da wuraren nan biyu.

Gano ko adireshin ya mutu ba wuya. Buɗe kwafin .json ɗin da Notepad, ka nemi FaceURL, wanda shi ne hoton fuskar kati, ko ImageURL, ko MeshURL na siffofi. Kwafe adireshin da ke gabansa ka liƙa a burauza. Idan hoton ya buɗe, matsalar daga wajenka take: layin intanet ne mai yankewa, ko VPN, ko kuma hoton ya sauka rabi ya zauna a ajiya a gurgunce. Idan bai buɗe ba, an goge shi daga tushe.

Hoton da ya sauka rabi ana neman sa ne a Mods\Images. Sunayen fayilolin can suna da ban tsoro, amma dokarsu mai sauƙi ce: adireshin ne aka cire masa ɗigo da sanda da sauran alamomi aka bar haruffa da lambobi, shi ya sa za ka ga suna farawa da httpiimgurcom da makamantansu. Nemi wanda ya dace da adireshin, ka goge shi, ka goge takwaransa a Images Raw, sannan ka sake buɗe wasan don ya sauko sabo. Amma fa sai ka tabbatar adireshin yana aiki. Shawarar nan da ake yawan bayarwa ta a share Images gaba ɗaya tana da haɗari: a ciki akwai hotunan da watakila kwafinka ne kaɗai ya rage maka, kuma ko da duk suna nan a intanet, sake sauke su data ce mai yawa.

Wannan dokar ta suna ita ce kuma hanyar ceto. Idan abokin wasanka ya taɓa buɗe wasan tun adireshin yana da rai, hotunan suna cikin Mods ɗinsa. Ya turo maka su daga Images da Models da Assetbundles, ka zuba su a foldojinka masu sunan ba tare da ka canza sunan ko ɗaya ba. Muddin Mod Caching a kunne yake a Configuration, manhajar za ta ɗauka daga faifanka ba tare da ta je intanet ba. Wannan kai kaɗai yake warkarwa. Duk wanda zai zauna teburin sai shi ma ya sami fayilolin, ko kuma a sake ɗora hotunan ta Cloud Manager da ke cikin manhajar, a sauya adireshin, a ajiye wasan sabo.

Akwai kuma yanayin da kai kana ganin komai daidai amma abokanka suna ganin farin allo. Duba .json ɗin ka nemi adireshin da ya fara da file:///. Irin wannan yana nuni ne ga hoton da ke kan faifanka, wanda ba wanda zai iya kaiwa gare shi daga waje. Yana faruwa idan aka zaɓi Local maimakon Cloud lokacin shigo da hoto. Ɗora shi ta Cloud Manager, ka ajiye wasan, ka ce su fita su sake shigowa.